Rabin Tano a Ƙasan Rijiya

Kowace safiya, kafin magina su iso, Tahiru yakan zagaya bayan shantiye, wurin da ake ginin, ya ƙwanƙwasa cikin tankin ruwa da bayan yatsa. Daga sama yake farawa, yana sauka kaɗan-kaɗan, kunnensa manne da ƙarfen. Inda amon ya daina ƙara ya yi nauyi, nan ruwa ya tsaya. Tankin yana da murfi, yana da tsani, kowa na iya hawa ya leƙa. Shi bai taɓa hawa ba. In an tambaye shi, sai ya ce ya daina yarda da ruwan da aka gani daga sama.

Daga nan sai ya ja tiyo ya shiga ba bulo ruwa, layi bayan layi. Aikinsa ke nan yanzu. Ya haura sittin, kafaɗarsa ba ta ɗaukar buhun siminti, amma Balaraben da ke da ginin ya bar shi saboda ba ya ɓarnar ko ɗigo. Ruwan garin nan na Tamanrasset daga In Salah ake turo shi cikin bututu, tafiyar kwana da yini a mota, kuma Tahiru yana zuba shi kamar ya san kowace tazara da ya ratso. Da yamma ya koma unguwar Gataa El Oued, ɗakin da yake kwana da samari biyar 'yan Maradi da Damagaram. Suna kiransa Baba. Ba ya faɗa, ba ya dariya sosai. Shekara ashirin ke nan yana garin, kuma har kwanan baya babu wanda ya san cewa fuskarsa ta taɓa fitowa a shafin farko na jarida.

Shi mutumin Tudun Aduwa ne, wani ƙauye a ƙasar Damargu, kuma haƙar rijiya ya gada. Rijiyar garinsu gaba talatin da 'yan kai ce. Da hannunsa ya jera simintin bakinta, a shekarar da igiya ta cinye masa kan ƙaramin yatsan hagu. Ta ba da ruwa damina huɗu, sannan ta fara ja da baya, har ranar da guga ya fito da yashi mai ɗumi. Shekara biyu tana haka. Abin da ya riƙe garin shi ne motar ruwa. Sunan Tudun Aduwa yana cikin wata takarda a buro, ofishin gwamnati, takardar garuruwan da rijiyarsu ta ƙafe, saboda haka duk ranar Alhamis mota takan zo ta cika musu tuluna da tanoni, wato gangunan ƙarfe. In ruwan ya ƙare kafin mako ya zagayo, mata su bi hanyar rijiyar Buzaye, su fita da asuba su dawo la'asar.

A lokacin wani soja ne ke riƙe da jiharsu. Kwamanda kawai ake ce masa. In zai wuce, kasuwa takan watse. Wanda ya yi gunaguni a bainar jama'a, jandarma su tafi da shi, in ya dawo ya dawo ba ya son magana. Jarida tana zuwa daga birni sau ɗaya a mako, malamin lekkol, makarantar boko, ya karanta wa dattawa a gindin aduwa, da dare rediyo ta maimaita da Hausa. Kowane mako Kwamanda na ciki. Ya kama ɓarawon hatsi, ya kori ma'aikacin da ya makara, ya kwana bai ci ba don tunanin talakawa.

Sai saƙo ya zo cewa zai yi rangadi, zai tsaya a Tudun Aduwa, kuma a bakin rijiya za a tarbe shi, tunda simintinta na gwamnati ne.

Maigari Isufu ya tara maza. Abin da ya dame shi ke nan, ya faɗa sau uku: baƙo ya tsaya a bakin rijiyarsu, ya jefa guga, ya jawo ƙasa? Wani tsoho ya ce ai gara ya gani da idonsa, ko ya sa a ƙara mata zurfi. Aka yi masa ca. A garinsu ba a taɓa barin baƙo ya ga tulu babu ruwa ba. In baƙo ya yi sallama gida ya bushe, ta bayan danga ake aikawa maƙwabta a aro, a kawo masa a ƙwarya mai kyau, shi kuma ya sha ya yi kamar bai ji motsin ba. Haka suka tashi suka tarar. Babu wani daga buro da ya ce su yi ƙarya. Tahiru yakan nanata wannan a ransa. Kunya ce ta fara, tsoro ya zo ya tsaya a bayanta.

Matsalar ita ce ko an zuba ruwa a rijiyar, yashi zai shanye kafin a juya. Tahiru ne ya kawo dabarar, yana ɗan shekara ashirin da biyar, yana jin daɗin dattawa sun juyo suna saurarensa. Aka yanka tanon ƙarfe gida biyu. Aka ɗaura wa Tahiru igiya ya sauka da rabin, ya daidaita shi a kan duwatsu uku, daidai inda guga ke faɗawa. Mata goma sha ɗaya suka tafi rijiyar Buzaye ranar jajibirin zuwan Kwamanda. Jakunan garin sun rame, biyu kawai suka iya tafiyar, saboda haka yawancin ruwan a ka ya zo. Cikinsu har da matarsa Rakiyatu, da goyon 'yarsu Laure a baya. Da suka iso ba a kwarara ruwan daga sama ba, don kada ya fantsale. Guga-guga aka riƙa saukar masa, yana juyewa a hankali. Daga can ƙasa sama ba ta fi faifai ba, kuma yana ganin kawunan matan suna leƙowa ɗaya bayan ɗaya, baƙaƙe a jikin haske, ba ya gane wace ce wace.

Kashegari motoci suka iso da hantsi. Aka tura mata bayan danga su yi guɗa. Kwamanda gajere ne, ya fi yadda jarida ke nuna shi gajarta, yana da tabarau mai duhu. Ya karɓi guga ya jefa. Tahiru na tsaye a bayansa riƙe da igiya, yana karkata ta da wuyan hannu don ta faɗa cikin tanon. Aka ji ƙarar ruwa. Aka jawo, aka zuba a ƙwarya. Kwamanda ya kai ta bakinsa ya riƙe, bai motsa maƙogwaro ba, har mai ɗaukar hoto ya ce ya isa. Ya miƙa wa maigari ƙwaryar a cike. A mota direbansa ya buɗe masa ruwan kwalba. Bai tambayi kowa komai ba. Zamansa duka bai kai a dafa shayi a sha na farko ba.

Mako na gaba malamin lekkol ya buɗe jarida. Ga hoton ya cika rabin shafi. Ga Kwamanda da ƙwarya, ga wani saurayi a bayansa da igiya. Masu jaridar sun san rijiyar ta ƙafe, ai takardar buro na nan. Saboda haka suka rubuta abin da ya fi daɗin karatu: rijiyar da ta yi shekara biyu a bushe ta kawo ruwa da hannunsa ya taɓa igiyarta. Rediyo ta ɗauka. Kafin wata ya ƙare an ba shi suna, Mai Ruwa a Hannu. Aka buga hoton a kalanda, aka manna a lekkol da ɗakin shan magani. Mutanen Tudun Aduwa ma sun ji daɗi kwana biyu, sunan garinsu ya fito a rediyo.

Ranar Alhamis mota ba ta zo ba. Ta gaba ma haka.

Maigari ya hau jaki ya tafi buro. Magatakardan bai yi masa tsawa ba. Ya jawo aljihun tebur, ya fito da jaridar ya shimfiɗa, ya ɗora yatsa a kan ƙwaryar.

"Ga rijiyarku nan, maigari. An cire ku daga takarda, an sa waɗanda ba su da ruwa. Ko kana cewa jarida ta yi ƙarya ne? Ko kuwa Kwamanda?"

Akwai jandarma a bakin ƙofa yana yankan farce.

Maigari ya ce, "A'a, ranka ya daɗe. Gaisuwa ce ta kawo ni."

Bayan haka mutane suka fara zuwa daga wasu garuruwa da kwalabe, suna neman ruwan rijiyar Kwamanda don mara lafiya ko mai naƙuda. 'Yan garin su ce musu yau ta huta, su ba su daga abin da mata suka ɗauko a ka. Ai baƙi ne.

Cikin shekara uku garin ya watse. Rakiyatu ta bi hanyar rijiyar Buzaye kusan kowace rana a shekarun nan, kuma wuyanta da ƙirjinta ba su sake komawa daidai ba, ko bayan sun koma Tanut. Wata rana ya kai ta ɗakin shan magani, suna zaune a kan benci, ta ɗaga kai ta ga kalandar ta tsufa a bango, an bar ta saboda hoton. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Ga ka nan, maigida. Mu ko ɗaya babu."

Ya ce ai an sa su bayan danga ne.

"Na sani. Ni ba na son komai. Ka dai faɗa wa wani, wata rana, in tsoro ya wuce. Ka ce a kanmu ruwan nan ya zo."

Ya ce to. Ta rasu kafin damina.

Tsoro ya wuce, amma ranar ba ta zo ba. Da aka sauke Kwamanda, jaridar nan dai ta shekara tana kiransa ɓarawo mai jini a hannu, babu mai son jin labarin rijiya. Da ya mutu, ta yafe masa a shafi biyu. Tahiru ya aurar da Laure, ya bi motocin arewa. Ya yi aikin hanya wajen In Ekker, ya yi gini a unguwannin da yanzu ba ya gane su. Alkawarin yana nan tare da shi kamar tsakuwa a takalmi, wadda mutum ya saba da ita har ya daina tsayawa ya cire.

Bana, da zafi ya fara, samarin ɗakinsu suka dawo daga aiki suna miƙa wa juna salula. Hoton ne. Wani ya zuba masa launi, ya sa sama ta yi shuɗi, ƙwaryar ta yi ja. Cikinsu babu wanda aka haifa a zamanin Kwamanda, amma kowa na da labari. A lokacinsa ba a sata. A lokacinsa buhun hatsi kyauta ne. Hasan, wanda ya fi su surutu, ya ce a lokacinsa ko rijiya tsoronsa take ji, da yana nan da ba su zo nan suna cin ƙurar siminti ba.

Tahiru ya karɓi salular ya nisanta ta da idonsa. Ya ce, "Wannan na bayan ni ne."

Suka fashe da dariya. Hasan ya ce, "Baba, ashe kuna da gashi da!" Sannan ya buɗe hoton da yatsu biyu, ya kai kan hannun da ke riƙe da igiya. Ƙaramin yatsan hagu guntu ne. Dariyar ta tsaya.

Labari ya kai Kasuwar Assihar, wurin Alhaji Muhammad Kabir, ɗan kasuwa mutumin Maradi mai sayar da citta da barkono da zoɓo, wanda hoton Kwamanda ke rataye a shagonsa tun kafin Tahiru ya san shi. Alhaji yana da suruki, Khamisu, mai gyaran salula, wanda ke da shafi a intanet inda dubban 'yan ƙasa ke bin labaransa. Khamisu ya zo har shantiye da kansa, ya durƙusa ya gaida Tahiru, ya ce tarihi ne a bakinsu, bai kamata su tafi da shi kabari ba.

Tahiru ya yi tunanin kalmar nan kwana biyu. Ya sa rigarsa ta Juma'a ran Talata, ya tafi.

A ɗakin bayan shago suka zauna, tsakanin buhuna, ƙamshin citta na shiga ido. Khamisu ya kafa salula a kan ƙafa uku. Tahiru ya faɗi komai. Ya faɗi motar Alhamis, da taron maigari, da tanon, da duwatsu ukun. Ya faɗi mata goma sha ɗaya da jakuna biyu. Ya faɗi ƙwaryar da aka mayar a cike, da aljihun teburin magatakarda. Ya kusa awa guda yana magana, shi da ba ya haɗa jimla biyar a yini. Khamisu na gyaɗa kai, yana cewa "Allahu akbar" da "Ku ci gaba, Baba." Can ƙarshe ya ce, "Amma dai da idonku kun ga ruwa ya fito a gugan?"

"Na gani mana. Ni na riƙe igiyar."

A hanyar komawa ya jira ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa. Bai ji komai ba sai yunwa. Ya sayi burodi ya ci a tsaye.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci Alhaji ya aika a kira shi. Ɗakin bayan ya cika, 'yan kasuwa da magina, har da samarin ɗakinsu. Aka ba shi kujera, shi kaɗai, kowa na kan tabarma. Alhaji da kansa ya zuba masa ruwan sanyi a kofin gilashi ya ajiye a gabansa.

"Malam Tahiru, ashe shekara da shekaru muna zaune da babban mutum, kana ta ɓoye mana kamar mai bashi! Khamisu, kunna masa ya ga kansa."

Minti ɗaya da rabi ne. An sa kiɗa mai taushi a ƙasa. Hoton ya fara fitowa, sannan fuskar Tahiru, tsoho da farar riga. Muryarsa ta ce, "Shekara biyu rijiyar tana bushe." Hoton ya dawo. Muryarsa ta ce, "Ya karɓi guga ya jefa. Aka ji ƙarar ruwa." Aka matso da yatsansa guntu har ya cika fuskar salular. "Na gani mana. Ni na riƙe igiyar." Daga ƙasa an rubuta cewa shaidan ƙarshe ya yi magana.

Ɗakin ya ɗauki kabbara. Wani ya ce mutum dubu arba'in sun kalla tun jiya. Wani ya miƙo hannu yana son ya taɓa yatsan.

Tahiru ya ce, "Ina tanon?"

Khamisu ya matso, ya rage murya. "Baba, mutane ba sa kallon abu mai tsawo. In ya wuce minti biyu sun wuce. Sauran na nan, na ajiye."

"Ina matan?"

"Baba, ku duba mutanen nan. Kowa ya baro gida, kowa a wahale. Abu ɗaya suke da shi da suke tunawa su ji su ma sun taɓa yin shugaba. In na sa tano, zagina za a yi, ku ma a zage ku. A ce an biya ku."

Alhaji ya ji. Ya yi dariya ya dafa gwiwar Tahiru. "Yo Malam, ko da tanon ne, wa ya sa muku dabarar a zuciya? Shekara biyu kuna zaune ba ku yi ba, sai da zai zo. Ai wannan ma albarkarsa ce."

Aka ce ƙwarai, gaskiya ne, Alhaji ya faɗi magana.

Tahiru bai yi fushi ba. Ya duba cikinsa ya nemi fushin, bai samu ba. Ya gyara zama, ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa, ya fara da muryar da yake ƙirga bulo da ita.

"Larai matar maigari. Adawiyya. Amatullahi da ƙanwarta. Halimatu mai tuwo."

Na kusa da shi suka zaci addu'a ce. Ya kai ta takwas, ta tara ta ɓace masa. Yana ganin tulunta, mai tsaga a wuya an ɗaure da tsumma, amma sunan ya tafi. Ya tsallake ta, ya tsallake ta goma. Saura ɗaya. Matar fari ce, ta ƙuruciya, bai taɓa kiran sunanta a gaban maza ba, ko ranar da aka binne ta.

Ya ce, "Rakiyatu. A kansu ruwan nan ya zo."

Hasan na kallonsa, baki a ɗan buɗe. Ko ya ji, ko bai ji ba, Tahiru bai sani ba, don a daidai lokacin wasu mutum uku suka yi sallama suka shigo, aka ce a sake kunna musu. Kiɗan ya tashi. Muryarsa ta fito daga salular, ta fi tasa ƙarfi, tana cewa shekara biyu rijiyar tana bushe.

Alhaji ya turo kofin gabansa. "Sha ruwa, Malam, ka yi magana da yawa."

Tahiru ya dubi kofin. Raɓa ta taru a jikinsa tana gangarowa kan tebur. Tun da ya yi wayo bai taɓa barin ruwan da aka ba shi a gidan mutum ba, ko mai ɗaci ne, ko ba ya jin ƙishi. Ya ɗauka, ya riƙe shi kaɗan, ya ji sanyin a tafin hannunsa. Ya mayar da shi inda yake, a cike.

Ya miƙe. Takalmansa na bakin ƙofa cikin tarin na mutane, ya ɗan daɗe kafin ya gano ƙafa ta biyu. Babu wanda ya juyo, duk kawuna sun sunkuya a kan salular, suna leƙawa. Ya ɗaga labulen buhun da ke ƙofar, ya fita.